Wanda Ya Ɓata Shi Ke Gyarawa

Akwai wata magana da ta dami jama'a a birni da ƙauye, watau ɓarnar yara. Yau a ji sun farfashe tagogin makaranta, gobe a ji sun cire kan famfon unguwa, jibi an tashi daga kallon ƙwallo sun bi motocin mutane da jifa, ko kuwa sun ture rumfunan kasuwa da dare. Wanda aka yi wa ɓarna, in zuciya ta ɗebe shi, abin da ke fara fitowa daga bakinsa shi ne a kira 'yan sanda, a kai kotu, a ɗaure. Ba a ganin laifinsa, gama da gumi ya tara abin da aka lalata masa. Amma in an zauna an auna, sai a ga ɗauri ba ya mayar masa da ko anini, yaron kuma ba ya komowa da kyakkyawan hali. Abin da ya fi shi ne yaro ya biya, ya gyara da hannunsa, sa'an nan a danƙa shi ga wani babba da zai lura da shi har ya shiryu.

Ƙasar nan ta riga ta ga inda hanyar ɗauri ke kaiwa. Ran 1 ga Agusta 2024, sa'ad da aka fita zanga-zangar tsadar rayuwa, an yi ɓarna mai yawa a Kano, har aka wawashe sabuwar cibiyar kwamfuta ta Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wadda ko buɗe ta ba a yi ba tukuna. Aka kama mutane da yawa a garuruwan Arewa, aka kai waɗansu Abuja aka tsare. Sai ran Juma'a 1 ga Nuwamba, bayan kusan wata uku, aka gabatar da mutum 76 gaban Babbar Kotun Tarayya, cikinsu da yara da dama, ana tuhumarsu da laifuffukan da suka haɗa har da cin amanar ƙasa. Yaran suka shigo a rame, waɗansu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka yanka wa kowane belin naira miliyan 10. Duniya ta ɗauki surutu, ran 4 ga wata Shugaba Tinubu ya ba da umurni a sake su, kashegari aka janye ƙarar. To, a dubi abin da aka samu. Ba a tabbatar da wanda ya yi ɓarna da wanda tsautsayi ya rutsa da shi ba, wannan shari'a kuwa ba ta mayar wa kowa da ko kujera ɗaya ba. An sha wahala, an sha kunya, an tashi hannu banza.

Ko a ƙaramar ɓarna ta unguwa haka abin yake. Mai kanti da aka fasa wa gilashi zai bar cinikinsa ya yi ta zirga-zirga tsakanin caji ofis da kotu, yau a ɗaga gobe a ɗaga. In an ci tara, baitulmalin gwamnati za ta shiga. In an ɗaure, shi dai gilashinsa na nan a fashe. Yaro kuwa ina za a kai shi? Shekara da shekaru gidajen horon samari na gwamnatin tarayya uku ne ke aiki, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Ilorin, ɗaya a Abekuta, gidajen ajiye yara na jihohi kuma ba su wadata ba. Saboda haka sau da yawa sai yaro ya kwana ɗaki ɗaya da riƙaƙƙen ɓarawo. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya shiga bai san kome ba sai jifa, ya fito ya iya ɓalle kwaɗo, ya san inda ake sayar da kayan sata, ga kuma suna ya bi shi, ba mai ɗaukarsa aiki, ba mai ba shi riƙon kaya.

Malamai sun sani shari'a ta raba abu biyu a kan yaro. Zunubi da haddi ba sa hawa kansa sai ya balaga, balaga kuwa a mazhabar Imamu Malik ana gane ta da alamominta, in ba su bayyana ba sai a cika shekara 18 bisa ga magana mafi shahara. Amma lamunin dukiyar mutane ba ya jiran balaga. Yaro in ya lalata kayan wani, biya na cikin dukiyarsa in yana da ita, in ba shi da ita ya zama bashi a wuyansa har ya samu. Abin da ake aunawa da mudu ko sikeli, kamar hatsi da mai, ana biyan irinsa; abin da ba haka ba, kamar tufa da dabba da kayan aiki, ana biyan ƙimarsa. Akwai kuma togiya da ya kamata 'yan kasuwa su riƙe: wanda ya danƙa wa ƙaramin yaro kaya amana da hannunsa, yaron ya lalata, asali ba ya binsa, gama shi ya yi sakaci da ya ba wanda bai isa riƙo ba. Ashe tun fil azal idon shari'a na kan mai kaya, yadda za a mayar masa da haƙƙinsa, ba tare da an karya yaro ba.

Wani zai ce, to in yaron ɗan talaka ne, da me zai biya? Amsa na cikin labarin da kowane almajiri ya wanke a allonsa cikin Suratul Anbiya. Tumakin waɗansu mutane suka shiga gonar wani da dare suka cinye. Masu tafsiri sun ce Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya hukunta a ba mai gona tumakin a madadin asararsa. Ɗansa Annabi Sulaimanu ya ga wata hanya: a ba mai gona tumakin ya amfana da nono da gashi da 'ya'yansu, masu tumaki kuwa su karɓi gonar su yi ta aiki a cikinta har ta koma yadda take, sa'an nan kowa ya karɓi nasa. Allah ya ba su duka biyu hukunci da ilmi, amma ya ambaci Sulaimanu da fahimtar wannan mas'ala. Mai gona bai yi asara ba, masu tumaki ba su tsiyace ba, gumin wanda ya jawo ɓarna shi ya gyara ta. Yaron da ba shi da kuɗi yana da hannu biyu. Ya kama wa magini kwaɓa, ya riƙe wa kafinta katako, ya share ajin da ya ɓata ya shafe bangonsa.

Biya kaɗai ba ya isa, gama yana gyara kaya ne kurum, hali kuwa sai da mai horo. An ruwaito cewa Rafi'u ɗan Amru, yana yaro, an kama shi yana jifan dabinon mutanen Madina, aka kawo shi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da aka fara yi shi ne aka tambaye shi dalili, ya ce yunwa. Aka hana shi jifa, aka ba shi izinin cin wanda ya faɗo ƙasa, aka shafa kansa aka yi masa addu'a. Haka kuma Abu Mahzura, a shekara ta 8 bayan Hijira, ana komowa daga Hunaini, yana cikin samarin Makka da ke kwaikwayon kiran salla don ba'a. Manzon Allah ya sa aka kirawo su, ya gane mai muryar da ta fi tashi, ya zaunar da shi ya koya masa kiran salla da kansa, ya naɗa shi ladanin Makka, aikin kuma ya zauna cikin zuriyarsa zamani mai tsawo. Muryar da aka yi ba'a da ita, ita aka juya ta zama abin kiran jama'a. Ƙarfin da yaro ya fasa taga da shi, in ya sami mai juya shi, shi zai ɗaga guduma a maƙera.

Kada a zaci dokar boko ta hana wannan. Dokar laifuffuka ta Arewa ta 1960 ta ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba a kama shi da laifi, wanda bai kai 12 ba kuwa sai an tabbata hankalinsa ya isa gane abin da ya yi. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ta ɗauki duk wanda bai cika 18 ba a matsayin yaro, ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ikon kashe ƙaramin laifi ba tare da zuwa gaban alƙali ba, ta hanyar sulhu da biyan mai kaya da sa ido a kan yaron. Jihohin Arewa da yawa sun yi tasu dokar kare yara, Kano ta yi tata a 2023. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 kuma ta shigo da hukuncin yi wa jama'a aiki a maimakon zaman kurkuku. Turawa ma sun zo kan wannan hanya ne daga baya. A 1974, a wani ƙaramin gari mai suna Elmira a ƙasar Kanada, samari biyu suka sha giya suka yi ɓarna a wuri 22 cikin dare ɗaya, suna fasa tagogi suna yanka tayoyin mota. Alƙali ya yarda a zaga da su gida gida, su dubi idon kowane mai kaya, su ji asararsa, su biya. Daga wannan shari'a tsarin sulhunta mai laifi da wanda ya cuta ya bazu a ƙasashensu. Abin da suka ɗauka sabo, shi ne abin da zauren mai unguwa ya daɗe yana yi.

Yadda ya kamata a tafiyar da shi ba wuya. Da fari a tabbatar da laifi, ko da shaidu ko da amsawar yaro ba tare da duka ba, gama tilasta wa marar laifi biya zalunci ne. Sa'an nan a zauna gaban mai unguwa da liman, da uban yaro ko malaminsa in almajiri ne, da mai kaya, yaro ya ji da kunnensa abin da ɓarnarsa ta jawo. Masu sana'ar su ƙimanta asara, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. A misali, in gyara ya kama naira 40,000, aka ƙimanta aikin yaro na yini naira 2,000, kwana 20 ke nan, ranar da ya cika a yage takarda a gabansa, kada a ƙara ambaton maganar. A bar masa lokacin karatunsa, a ba shi aikin da ya dace da ƙarfinsa. In kayan jama'a ne, kamar famfo ko makaranta, shugaban wurin ya tsaya a madadin mai kaya. Bayan haka a zaɓi mutum ɗaya mai mutunci, tela ko makaniki ko maƙeri ko mai kanti, wanda zai riƙe yaron wata shida ko shekara, ya san inda ya wuni da inda ya kwana.

Akwai wuraren da wannan hanya kan karkace, dole a tsare su. Na farko, ɗan mai kuɗi: uba ya zaro kuɗi ya biya, yaro na tsaye yana murmushi, gobe ya sake. Maganinsa a yi doka ɗaya, ko an biya kuɗi sai yaro ya yi aikin da hannunsa, ɗan attajiri da ɗan mai tura kura duk ɗaya. Na biyu, mai kaya marar tsoron Allah ya mai da yaro bawa, kwana 20 su zama wata biyar. Don haka aka ce a rubuta, a sa shaidu. Na uku, kada a ɗauki sulhu ya zama mafakar manyan laifuffuka. Wanda ya zub da jini, ko ya ɗauki makami, ko ya sa wuta a gidan da mutane ke ciki, ko aka yi masa sulhu sau biyu sau uku ya ƙi ji, wannan na alƙali ne. Haka kuma baligin da ke tura yara, da mai sayen ƙarfe da waya daga hannunsu ya san na sata ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da kasuwar 'yan gwangwan za ta ƙi sayen kan famfo da murfin kwalbati daga hannun yaro, da ɓarna ta ragu tun ba a kai ga zaure ba. Wannan aikin shugabannin kasuwa ne, su tsawata wa nasu.

Nauyin wannan al'amari ya rataya ne a wuyan masu karanta wannan shafi. Malami shi ke da bakin da zai faɗa wa mai kaya cewa haƙƙinsa biya ne, in ya yafe kuwa ladansa na wurin Allah, ya kuma faɗa wa uba cewa ɓoye laifin ɗa ba ƙauna ba ce. Ɗan kasuwa shi ke da rumfar da yaro zai zauna ya koyi awo da lissafi da riƙon amana, kuma attajirai nawa ne a Kantin Kwari da Kurmi da suka fara da ɗaukar kaya a bayan ubangida? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ɗaure yana ɗan shekara 14, unguwar nan dai zai komo yana ɗan 16, ya wuce ta ƙofar kantin nan kullum. Wanda ya gyara ɓarnarsa ya koyi sana'a shi ma nan zai zauna. Mai kanti ya duba wanne ya fi so ya zama maƙwabcinsa.

Allah ya shirya zuriya, ya tsare dukiyar bayinsa, ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin. Haza wassalam.