Gudan Jinin Amurka Ya Hana Mu Barci, Gawarwakinmu Na Kwance a Mutuware

Jama'ar Agege, Idi-Araba da Alaba Rago, ku zo mu faɗa wa juna gaskiya. Babu zauren WhatsApp ɗin da ba a turo mana bidiyon nan ba: wasu masu gyaran gawa a Amurka suna zaro wani abu fari, dogo kamar igiya, daga jijiyoyin mamata, suna cewa allurar rigakafin korona ce ta jawo shi. Daga wani fim mai suna Died Suddenly da ya fito a 2022 aka yanko shi. Kowa sai salati da turawa gaba, ko tambaya babu.

To, likitocin da aikinsu ke nan, binciken gawa, sun san wannan abu tun kafin a ji sunan korona. Idan zuciya ta tsaya, jini kwanciya yake yi. Jajayen ƙwayoyinsa su sauka ƙasa, abin da ya rage a sama ya daskare, fari ko rawaya, ya ɗauki siffar jijiyar da yake ciki. Ga kuma sinadarin fomalin da ake ɗura wa gawa don kada ta lalace, wanda aikinsa shi ne sandarar da nama. Mai gyaran gawa ba likita ba ne, bai san ciwon da ya kashe mutum ba, balle ya yanke hukunci. Mun san dalilin shakkun mutanenmu, domin abin da gwajin maganin Trovan ya yi wa yara a Kano a 1996 ba ya mantuwa. Amma ciwon jiya ba ya mayar da jita-jitar yau gaskiya.

Mun bar jaki muna dukan taiki. A Amurka, fiye da rabin mamata ƙona su ake yi yanzu, saboda tsadar binnewa. Muna jin haka muna cewa Allah ya kiyaye, kamar abin yana can nesa. Alhali tun 2013 Gwamna Babatunde Fashola ya sa hannu a dokar ƙona gawa a nan Legas. Dokar ba ta tilasta wa kowa ba, gaskiya ne, amma ta ba hukuma damar ƙona gawar da aka bari babu mai nema.

Su wa suka fi mu irin wannan gawa? Yaro ya sauko daga tirela, ɗan ci-rani, ba katin shaida, ba wanda ya san sunan garinsu. Yana dako ko tura ruwa, mota ta kwashe shi a titi. A kai shi mutuware, a ɗura masa fomalin, ya yi watanni a kwance, uwarsa na can Arewa tana jiran kiran waya. Wanka, likkafani, salla da binnewa farilla ce a kan al'umma. Idan babu wanda ya yi, dukkanmu ne da laifi, har da mai rawani da mai babbar riga.

Saboda haka muna kira ga Sarkin Hausawa na kowace unguwa da limamanmu. A buɗe littafi a kowane masallaci, duk baƙon da ya sauka a rubuta sunansa, garinsu da lambar wani nasa. Mai masauki ya san wanda ke kwana a shagonsa. A kafa kwamitin da zai riƙa zagaya asibitoci da ofisoshin 'yan sanda kowane mako yana tambayar gawar da ba a nema ba. A yi asusun jana'iza, ko naira ɗari ce kowace Juma'a, domin kuɗin ajiyar mutuware kullum ƙaruwa yake, kuma shi ke sa wasu dangi gudu su bar nasu.

Kuɗin datar da muke ƙonawa a kan gawar mutanen Amurka ya isa ya sayi likkafanin ɗan'uwanmu. Allah ya sa mu cika da imani, ya ba mu masu suturta mu.