Akwatin lefe ba ya riƙe aure

Matasan Yamai, mu faɗa wa juna gaskiya. Muna cin bashi don lefe da bikin kwana ɗaya, bayan wata uku kuɗin haya da na cefane su hana mu barci. Ku leƙa ofishin ƙungiyar Musulunci ta AIN ku ga ma'auratan da ke zuwa neman rabuwa. Wallahi ba talauci kaɗai ba ne. Maigida yana fada wajen shayi har tsakar dare, uwargida ba ta san abin da yake samu ba, kowa sai kai ƙara wurin iyayensa. Kafin a ɗaura, ku zauna ku yi lissafi tare. Bayan an ɗaura kuma, malam, ka riƙa komawa gida da wuri.