A Daina Ƙone Gona Da Sunan Shara



Duk shekara idan damina ta matso, hayaƙi ne ke turnuƙe karkara. An tara kara da ganye an banka musu wuta, an sare duk wani toho na sabara da kalgo, wai an yi sharar gona. Ni a ganina asara ce muke yi da hannunmu, sannan mu koma muna kukan tsadar buhun taki.

Tsiro yana zuƙo iskar kabon daga sama ya gina saiwa da ganye da ita. Idan ganyen ya ruɓe a gona, wani kaso na kabon ɗin yana zama cikin ƙasa, shi ne ke sa ta yi duhu, ta riƙe laima. Idan aka ƙone, sai ya koma sama ya ƙara ɗumamar yanayi, ƙasa kuma ta zama rairayin da iska ke kwashewa.

Wasu za su ce wannan surutun Turawa ne. To, su leƙa Maraɗi da Damagaram. Tun shekarun 1980 manoman can suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a sare tohon kututture, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bar su su girma. Tony Rinaudo, wanda ya taimaka wajen yaɗa dabarar, ya samu kyautar Right Livelihood a 2018. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, ba tare da an dasa su ba.

Gawo ma shaida ne. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa su zama abincin dabbobi da rani. Kakanninmu ba su sare shi ba saboda sun san amfaninsa.

Gaskiya ne talaka na buƙatar kara don girki da dabbobi, kuma ba wanda ya ce a hana shi. Abin da ya rage ne ake cewa a bar wa ƙasa, kada a ba wuta.

Masu bikin dashen itace kuwa, da ke ɗaukar hoto su watse su bar dashen ya bushe, gara su kashe kuɗin wajen koya wa manomi kare kututturen da ke gonarsa, tunda shi saiwarsa ta riga ta kama ƙasa.

Bana a ƙauyenku, wa zai fara hana a kunna ashanar?