Maganin da Ke Kwantar da Gaɓɓai, Ya Tayar da Tarin Fuka

A Dogon Dawa, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa, idan yatsun mace suka kumbura, suka sandare da asuba, sai a ce sanyin ƙashi ne. Wani lokaci kuwa garkuwar jikinta ce ta koma yaƙar gaɓɓanta.

Ƙwayoyin garkuwar jiki suna aika wa juna saƙo da wasu sinadarai da ake kira saitokain. Ɗaya daga cikinsu, TNF, shi ne mai buga gangar yaƙi. A irin wannan amosanin gaɓɓai gangar ba ta yin shiru, kumburi ya yi ta cin guringuntsi da ƙashi. A farkon shekarun 1990, Marc Feldmann da Ravinder Maini na Cibiyar Kennedy da ke Landan suka nuna cewa toshe TNF yana kwantar da ciwon. Wannan ya buɗe ƙofa ga allurai irin su Humira, wadda Amurka ta amince da ita a 2002, ta kuma daɗe tana kan gaba a cinikin magunguna a duniya.

Masu kiran a kawo mana waɗannan allurai da rahusa suna da gaskiya, amma a ganina sun tsallake mataki. TNF ɗin nan shi ne ke riƙe katangar da jiki ke ginawa ya killace ƙwayar tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya taɓa kamuwa da ƙwayar, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa katutu. Aka toshe TNF ba tare da gwaji ba, katangar na iya rushewa, tarin ya farka.

Saboda haka kuɗin farko ya kamata su tafi ga gwajin jini, hoton ƙirji, da tsohon magani mai araha irin metotireksat, a asibitin Birnin Gwari. Ba kowa ke iya kai kansa asibitin koyarwa na Shika ba, balle a hanyar da 'yan bindiga suka sha tarewa. Wadda ta kasa, kemis take komawa ta sayi ƙwayar sitiroid: zafin ya lafa, hawan jini da ciwon suga su biyo baya.