Amurka da Tsibiran Mashal: Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda?

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da na ga ana yi wa gurguwar fahimta.

Sau da yawa in an jefa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, sai mu ji a rediyo waɗansu ƙananan tsibirai na Tekun Fasifik sun bi bayan Amurka. A watan Disamba na 2017, da aka yi ƙuri'a kan birnin Ƙudus, ƙasashe 128 suka juya wa Amurka baya, 9 kacal suka ƙi amincewa da ƙudurin, cikinsu har da Tsibiran Mashal da Maikronesiya da Palau da Nauru. Sai ka ji ana cewa ai 'yan amshin Shata ne, dala ce ta saye su. Ba kare ƙuri'arsu zan yi ba. Tambayata ita ce, tsakaninsu da Amurka wa ke bin wani bashi?

Mu ɗauki Tsibiran Mashal. Duk mutanen da ke zaune a ƙasar ba su kai 50,000 ba. A 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Amurka riƙon amanarsu. To, daga 1946 zuwa 1958 Amurka ta gwada bama-baman nukiliya har 67 a tsibiran Bikini da Enewetak, bayan ta kwashe mazauna wurin. Wanda ta fasa ran 1 ga Maris na 1954 ya ninka na Hiroshima kusan sau 1,000. Tokarsa ta zubo wa mutanen tsibirin Rongelap, fatarsu ta ƙone, gashi ya zube, daga baya cutar daji ta biyo baya. Jama'a, haka ake riƙon amana?

Da suka sami 'yancin kai a 1986, sai aka ƙulla yarjejeniya. Amurka za ta riƙa ba su kuɗi, ta tsare su daga abokan gaba, mutanensu kuma su shiga Amurka su zauna su yi aiki ba biza. Su kuma suka bar mata ikon tsaron ƙasarsu da tekunsu, ba sojan wata ƙasa da zai shigo sai da yardarta. Suka bar mata tsibirin Kwajalen, inda makamai masu linzami da take harbowa daga Kalifoniya don gwaji suke faɗawa. 'Ya'yansu kuma suna shiga sojan Amurka. A takarda kam, cuɗe ni in cuɗe ka ne.

Amma Malam Edita, duba yadda aka yi da diyya. Dala miliyan 150 Amurka ta ajiye, ta ce magana ta ƙare ke nan. Kotun da aka kafa ƙarƙashin yarjejeniyar ta saurari waɗanda abin ya shafa, ta yanke diyyar da ta haura dala biliyan 2. Kuɗin da aka ajiye suka ƙare, galibin diyyar ba a biya ba. A 1996 kuma wata dokar Amurka ta cire mutanen tsibiran da ke zaune can daga tsarin jinyar marasa galihu, ba a mayar da su ba sai 2020. Wato waɗanda gubar bom ɗinka ta taɓa iyayensu, su ne ka bari da kuɗin asibiti shekara 24. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Gaskiya ne a 2023 an sabunta yarjejeniyar, aka yi musu alkawarin dala biliyan 2.3 cikin shekara 20, majalisar dokokin Amurka ta amince a 2024. Amma kowa ya san ƙafar da Sin ta sa a yankin ce ta sa aka tuna da su, don a 2019 Tsibiran Sulemanu da Kiribati sun koma wajenta. Duk da haka Amurka ta tsaya kan bakanta cewa an rufe maganar diyya tun 1986, ba ta kuma nemi gafara a hukumance ba.

Saboda haka ina kira ga Amurka, tunda ta ce aminai ne, ta biya diyyar da kotu ta yanke, ta nemi gafarar mutanen Bikini da Rongelap. Mu kuma mu daina yi musu dariya. Ƙaramar ƙasar da asibitinta da makarantarta suka rataya a aljihun wani, da wuya ta ɗaga masa murya a bainar jama'a. Sun ba da gishirinsu tuntuni, mandarsu suke jira.



Naku a kullum,
Wani mai karatu, Zariya.