Daga Lalle Zuwa Dayis: Me Ake Zuba Wa Matanmu A Ka?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne abin da ya sami 'yar yayata a makon bikinta a nan Dutse. Ƙawaye sun raka ta wani shagon gyaran gashi, inda aka rina mata kai da abin da mai shagon ta kira "baƙin lalle". Kwana biyu tsakani, goshinta da fatar idonta suka kumbura, bayan kunnuwa kuma ya feso da ƙuraje masu ruwa. Wasu dangi suka ce sammu ne, wasu suka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Likita kuwa tambaya ɗaya ya yi: me aka shafa mata?

A matsayina na mai nazarin harshe, na daɗe da lura cewa suna kan ɓoye haƙiƙanin abu. Bahaushe ya san lalle, ya san baba, ya kuma san rini tun kafin zuwan Bature. Marinar Ƙofar Mata a Kano shaida ce. Lalle ganye ne, kuma launinsa daga ja ne zuwa ruwan ƙasa, ba ya yin baƙi ƙirin komai daɗewarsa a jiki. "Dayis" kuwa aro ne daga kalmar Ingilishi mai nufin rini. Da 'yan kasuwa suka laƙaba wa dayis sunan lalle, sai ya gaji amincin da iyayenmu suka ba ganyen. A mafi yawan lokuta, abin da ke kawo baƙin shi ne sinadarin da ake taƙaita sunansa da PPD, wanda likitocin fata suka sani da tayar da ƙaiƙayi da kumburi. Wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, yawanci ta rabu da shi ke nan har abada.

Ya kamata mai karatu ya san cewa rinin gashi a shago hawa-hawa ne. Akwai na wucin gadi, mai zama a bayan silin gashi, wanda wanki ke tafiya da shi. Akwai mai dawwama, wanda ake haɗawa da amoniya da ferokzayid domin su buɗe silin, launi ya shige ciki. Akwai kuma na ƙoshe baƙin gashi kafin a ɗora ja ko ruwan zinare, wanda ya fi kowanne karya gashi. Macen da ta shafa man miƙar da gashi, sannan ta ɗora mai dawwama a rana guda, ta haɗa wa kanta zafi biyu.

Wannan ba tsoron ƙauye ba ne. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa PPD kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na rinin da aka haɗa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a shafa shi kai tsaye a fata ba. A shekarar 2019, wani bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka a kan mata fiye da 46,000 ya gano cewa masu amfani da rini mai dawwama sun fi sauran kamuwa da sankarar mama da kashi 9 cikin 100, baƙaƙen fata kuwa da kashi 45. Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa rinin ne sanadi ba, amma ya isa hannunka mai sanda.

To, ina mafita? Tun 1993 aka kafa NAFDAC, kuma kayan kwalliya na cikin hurumin aikinta. Sai dai rinin da ake ƙullawa a leda a kasuwanninmu, daga Dutse zuwa Shuwarin da Birnin Kudu, ba suna, ba lamba, ba ranar lalacewa. Shi ya sa nauyin farko ya koma kan mai kai. Ta nemi a nuna mata kwalin, ta duba lambar hukuma, ta kuma tambayi wane iri ne cikin ukun nan. A ɗiga kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48 kafin a taɓa kai. Mai shagon da ta ƙi wannan, a nemi wata. Mai son rufe furfura kuwa, lalle da baba na nan, balle ma malamai sun yi magana a kan baƙin rini.

Daga ƙarshe, ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa da masu koyar da sana'o'in hannu da su horar da masu shagunan nan da Hausa, a kuma matsa wa masu shigo da kaya su rubuta gargaɗi da harshen da mai saye ke ji. Mu kuma a gida, mu daina kiran dayis lalle. Amaryarmu ta warke, amma hotunan bikinta duk a lulluɓe take.

Allah Ya sa mu dace.