Ra'ayinmu: A Sauke Yaranmu Daga Kan Kwalta, A Gina Masu Filin Horo

Duk wanda ke zirga-zirga a Kano, Kaduna ko Zariya a 'yan shekarun nan ya san wani sabon abu da samari suka shigo da shi, watau takalmin nan mai taya. Za ka ga yaro ɗan shekara goma sha biyar ya riƙe bayan A-daidaita-sahu ko motar ɗaukar kaya tana jan sa, ba hular kwano a kansa, ba komai a gwiwarsa. Abin da ya shiga Zariya kuwa ba ya daɗewa bai iso Funtuwa ba, garin da hanyoyin Gusau, Birnin Gwari da Katsina suka haɗu, inda tirela da tanka ba sa yankewa dare da rana. Iyaye da yawa sun ce a hana. Mu a namu ganin hani kaɗai ba zai yi magani ba, gama yaron da aka kora daga wannan titi zai koma wancan ne. Abin da muke kira a yi shi ne a kafa cibiyar horo guda ɗaya ta yankin Funtuwa da Malumfashi, inda za a koya wa yara tseren takalmin taya bisa ƙa'ida, a ƙarƙashin idon manya.

Wani zai ce wasan banza ne. To, bari mu duba inda wannan wasa ya kai waɗansu. Yana da ɗan'uwa da ake yi a kan ƙanƙara, wanda ake kira tseren gajeren zagaye. Ana yin sa a fili mai tsawon mita 60 da faɗin mita 30, kowane zagaye kuma mita 111 ne da 'yan kai. 'Yan tsere huɗu zuwa shida ko fiye sukan tashi tare, su yi ta neman wuce juna a kwana, a tseren mita 500, 1000 ko 1500. An fara ba da lambobin yabo a kansa a gasar Olamfik ta lokacin sanyi a shekarar 1992 a Albertville ta ƙasar Faransa, kuma tun daga lokacin Koriya ta Kudu ce ta fi kowa kwasar zinariya, Sin na biye da ita.

Yawancin zinariyar da Sin ta fara samu a wannan wasa daga wani garin masu haƙar kwal ta fito, mai suna Qitaihe, a lardin Heilongjiang, garin da mutanensa ba su kai miliyan ɗaya ba. Wani mai suna Meng Qingyu, wanda shi ma ya taɓa aikin haƙar kwal, shi ya fara tara yara a can tun shekarun 1970. Garin ba shi da zauren ƙanƙara a lokacin. Da tsakar dare cikin tsananin sanyi yakan fita ya zuba ruwa a fili domin ya daskare kafin yara su iso da asuba. Daga wannan makaranta aka sami Yang Yang, wadda ta ci wa Sin zinariyarta ta farko a Olamfik ta lokacin sanyi a 2002, da Wang Meng, wadda ta ci zinariya huɗu a 2006 da 2010. Meng ya rasu a haɗarin mota a 2006, garin kuwa bai sami zauren ƙanƙara na zamani ba sai 2013. Watau horo ne ya riga gini zuwa da shekaru masu yawa.

Za ku ce su ai suna da sanyi, mu kuwa ƙanƙara sai a firji. Gaskiya ne. Amma ku dubi garin Ocala na jihar Florida a Amurka, wuri mai zafi, wanda bai da filin ƙanƙara sa'ad da wata mai horarwa, Renee Hildebrand, take koya wa yara tseren takalmin taya a kan daɓe. Uku daga cikin ɗalibanta, Erin Jackson, Brittany Bowe da Joey Mantia, duk sun koma kan ƙanƙara daga baya, kuma kowannensu ya dawo da lambar yabo daga Olamfik ta Beijing a 2022, a tseren dogon zagaye. Ita Jackson zinariya ta ci a mita 500, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci zinariya ita kaɗai a wasannin lokacin sanyi. A gajeren zagayen ma, Apolo Ohno, wanda ya tara wa Amurka lambobi takwas tsakanin 2002 da 2010, da takalmin taya ya soma. Dalili shi ne durƙuson ɗaya ne, turin ƙafa gefe ɗaya ne, yadda ake ƙetare ƙafa a kwana ma kusan ɗaya ne. Akwai kuma Maame Biney, haifaffiyar Accra ta ƙasar Gana, wadda ta wakilci Amurka a gajeren zagaye a 2018.

A gida ma ba a bar mu a baya ba wajen dabara. A 2018 Nijeriya ta halarci Olamfik ta lokacin sanyi karo na farko a Pyeongchang, inda Seun Adigun, Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga suka shiga tseren keken ƙanƙara, bayan sun fara atisaye da keken katako da Adigun ta haɗa da hannunta a Houston. Kafin su kuma, a 1988, Misbahu Lawan Didi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu da ake bugawa a kan allo mai taya, wasan da ya ɗauke matasa da yawa waɗanda shan-inna ta nakasa daga bara a titi ya mai da su 'yan wasa masu wakiltar jihohinsu. Abin da ya yi da allo mai taya shi muke so a yi da takalmi mai taya.

Yanzu bari mu zo ga yadda za a tsara abin, gama a nan ne yawancin shirye-shiryenmu kan mutu.

Na farko, fili. Ba katafaren gini ake bukata ba. Daɓen kankare ne mai santsi daidai, mita 60 a kan 30, da ɗan ɗakin ajiye kaya, da makewayi na maza da na mata, da rijiya ko famfo. Maginanmu sun iya wannan aiki. Tun da ƙasarmu ta masara ce da dawa da waken suya da auduga, muna ba da shawara daɓen ya yi aiki biyu. A watannin Oktoba da Nuwamba a ba manoma hayarsa su shanya amfanin gona, maimakon shanyar gefen kwalta da ke cika hatsi da tsakuwa. Kuɗin hayar su shiga asusun gyaran tayoyi da boris. Sharaɗi guda ne: kada mota ko tarakta ta hau kansa, gama tsaga ɗaya a daɓe ta isa ta kifar da yaro.

Na biyu, wuri. Shiyyar Funtuwa ƙananan hukumomi goma sha ɗaya ce: Funtuwa, Bakori, Ɗanja, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Malumfashi, Ƙafur, Musawa da Matazu. In kowace ta ce sai an yi mata nata, za a ƙare da tubalin harsashi goma sha ɗaya ba ko ɗaya da aka gama. A yi babban fili ɗaya a Funtuwa, inda mota daga ko'ina take zuwa, a yi ƙaramin reshe a Malumfashi. Bakori tana tsakani, 'ya'yanta na iya zuwa kowanne. Sauran garuruwa su fara da abin da ba ya bukatar taya ko kaɗan, watau gudu, tsalle da atisayen durƙuso a filayen makarantu da harabar majami'u. A kowane ƙarshen zangon karatu a zaɓi waɗanda suka yi fice a kawo su babban fili.

Na uku, kwana. Muna ba da shawara da babbar murya kada a yi ɗakin kwanan yara. Ba wanda ya manta abin da ya faru a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai fiye da 300 cikin dare. Tara yara wuri guda su kwana, a bayan gari, ba abin da za a yi wa gaggawa ba ne. Filin ya kasance a cikin gari, a zo da safe a koma gida kafin magariba. Yaron da ya zo daga nesa domin gasar kwana biyu ya sauka a gidan dangi ko gidan da iyayensa suka sani suka amince.

Na huɗu, lokaci. 'Ya'yan manoma ne, kuma ba za mu raba su da gona ba. Babban horo ya kama daga Disamba zuwa Mayu. Da damina a rage zuwa rana ɗaya a mako, gama jiƙaƙƙen daɓe ba a tsere a kansa. A lokacin hunturu a share ƙura kafin a fara, a bazara kuma a yi da sassafe ko da la'asar sakaliya saboda zafi. A kiyaye Juma'a da Lahadi, domin filin na 'ya'yan kowa ne, Kirista da Musulmi, kuma kada a sa wa kowane yaro zaɓi tsakanin wasa da sujada.

Na biyar, masu horarwa. Wannan ya fi daɓen muhimmanci, kamar yadda labarin Meng da na Hildebrand suka nuna. A nemo malaman motsa jiki na makarantunmu, a haɗa su da manyan samarin da suka riga suka gwanance da takalmin, ɗaya ya kawo tarbiyya da sanin jikin yaro, ɗaya ya kawo gwaninta. A koya masu taimakon gaggawa. A sami mata cikin masu horarwa tun ranar farko, in ba haka ba iyaye ba za su saki 'yan mata ba, alhali kuwa yawancin sunayen da muka ambata a sama na mata ne. Kada a bar babba shi kaɗai da yaro a ɗaki ko a mota, kuma a rubuta wannan doka a manna ta a ƙofa.

Na shida, dokar shiga. Ba hular kwano, ba hawa daɓe. Ba takardar shaidar zuwa makaranta, ba horo. Wanda aka kama ya riƙe mota a titi a dakatar da shi wata guda. Da haka wasan zai zama abin da ke jan yaro zuwa aji, kuma samarin da kansu za su zama masu tsawata wa juna.

Na bakwai, kuɗi da shugabanci. A kafa kwamiti da ya ƙunshi iyaye maza da mata, malaman makaranta, wakilin masu unguwanni, 'yan kasuwar hatsi da ma'aikacin lafiya. Hannu uku a kan asusu, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a sau biyu a shekara. Takalma da huluna su zama na cibiya, a riƙa ba da aro, gama ƙafar yaro tana girma kowace shekara, kuma ɗan talaka ba zai iya saye ba. A nemi gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ba da fili da takardarsa, amma kada a ɗora rayuwar cibiyar a kan alkawarin ɗan siyasa, domin wa'adinsa na ƙarewa, yara kuwa ba sa ƙarewa.

Mun san akwai masu cewa, a lokacin da buhun taki ya gagari manomi, wa ke ta wasa? Tambaya ce mai nauyi, ba ma raina ta. Amsarmu ita ce, samarin nan sun riga sun sayi takalman, sun riga sun hau titi. Kuɗin ɗorin karaya ɗaya, ko jinyar wanda ya fasa kai, daga rumbun manomin nan zai fito. Ban da haka, rani a ƙasarmu wata shida ne na zaman banza ga yaron da ba ya noman rani, kuma kowa ya san abin da ke jiran sa a bakin tasha, daga ƙwaya zuwa mugayen abokai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma masu cewa me ya sa ba za a tsaya ga ƙwallon ƙafa ba. Ƙwallo tana da filayenta da masoyanta, ba ta rasa mai kula ba. Amma ba kowane yaro ne ɗan ƙwallo ba, kuma 'yan mata kaɗan ne ke samun shiga. Daɗin daɗawa, ƙafa da huhun da aka gina a wannan horo suna amfani a gudu da tseren keke.

Ba ma yi wa kowa alkawarin cewa ɗan Ƙafur ko 'yar Ɗanja za su tsaya a kan ƙanƙarar Olamfik nan da shekara goma ba. Hanyar tana da nisa da tsada, kuma sai an fita ƙasar waje kafin a taka ƙanƙarar. Abin da ke hannunmu shi ne yaro ya dawo gida da ƙafafunsa biyu lafiya, ya koyi zuwa a kan lokaci, ya koyi faɗuwa da tashi ba tare da faɗa ba. In Allah ya fito da zakara daga cikinsu, ya tarar an share masa hanya.

Wannan yanki ya saba zama na farko. A 1975 Funtuwa na cikin wurare uku, tare da Gusau da Gombe, da aka fara gwada shirin bunƙasa aikin gona na Bankin Duniya, daga baya sauran jihohi suka kwaikwaya. Saboda haka muna roƙon dattawa, ƙungiyoyin mata, shugabannin matasa da malaman makarantu na Funtuwa da Malumfashi su zauna kafin kakar bana ta wuce, su naɗa kwamiti, su nemi fili, su ƙidaya samarin da ke da takalman nan a unguwanninsu su kira su taron. Da su za a fara, gama su ne ke kan titin a yau.

Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu.